Mai Haƙa Rijiya da Mai Tura Mutum: Tarihin Shari'ar Masu Ƙera Manhajar Ɓoye Kuɗi

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama hedikwatar jiha. Wata biyu kafin haka, can a Kolorado ta Amurka, wani masanin kwamfuta mai suna Phil Zimmermann ya saki wata manhaja kyauta da ake kira PGP, wadda ke kulle saƙo yadda ba mai iya karanta shi sai wanda aka aika wa. Shekara ce kawai ta haɗa lamurran biyu. Amma jaririn da aka raɗa wa suna a Argungu a damunar 1991 yau magidanci ne, wayar da ke aljihunsa tana kulle masa saƙo ba tare da ya nema ba, mai yiwuwa ma akwai lalitar kirifto a cikinta. Tambayar da aka fara yi wa Zimmermann ta iso ƙofar gidansa ke nan: idan mutum ya ƙera abin rufa asiri, wani ya ɗauka ya yi ɓarna da shi, mene ne rabon maƙerin a cikin laifin?

A dokar Amurka ta wancan zamani, manhajar kulle saƙo mai ƙarfi tana cikin jerin kayan yaƙi, fitar da ita ƙasashen waje ba lasisi laifi ne. Ita kuwa PGP da ta hau intanet ba ta tsaya neman biza ba. A 1993 jami'an kwastan suka buɗe bincike a kan Zimmermann. Sai aka yi musu wata dabara: a 1995 maɗaba'ar jami'ar MIT ta buga rubutun manhajar gaba ɗaya a matsayin littafi, saboda tsarin mulkin Amurka ya kare littafi, ba mai hana a sa shi a jaka a hau jirgi. A Janairun 1996 aka rufe binciken ba tare da an tuhume shi ba. A shekarar ce kuma wata alƙaliya a Kalifoniya, Marilyn Patel, ta yanke hukunci a ƙarar da ɗalibin lissafi Daniel Bernstein ya shigar, ta ce rubutun manhaja magana ce, tana da irin kariyar da magana ke da ita. Zuwa shekarar 2000 gwamnati ta sassauta dokar fitar da irin waɗannan manhajoji. Masu rubuta su suka ɗauka an wuce wurin.

Sai dai saƙo daban, kuɗi daban. Hukuma tana iya haƙura da rashin karanta wasiƙarka, amma ba ta haƙura da rashin ganin inda kuɗi suka bi, don a nan haraji yake, a nan kuma ake damƙe ɓarawo. David Chaum, wanda tun farkon shekarun 1980 ya fito da lissafin kuɗin kwamfuta da ba a gane mai kashe su, ya kafa kamfanin DigiCash a Amsterdam. Kamfanin kasuwa ce ta kashe shi a 1998, ba kotu ba. Waɗanda suka biyo bayansa ba su tsira haka ba. Wani likita, Douglas Jackson, ya kafa e-gold a 1996, a 2008 ya amsa laifi a gaban kotun Amurka. Arthur Budovsky ya kafa Liberty Reserve a Kosta Rika, aka rufe shi a Mayun 2013 bisa zargin wanke kuɗin da suka kai dala biliyan 6, a 2016 aka ɗaure shi shekara 20. Duk wanda ya yi zamanin shagunan intanet na biyan kuɗin awa a Najeriya zai tuna waɗannan sunaye biyu, don da su ake karɓar kuɗin waje, na halas da na akasin haka. Shari'arsu ba ta ba alƙalai wahala ba. Kuɗin mutane a hannunsu suke, su ke karɓa su ke bayarwa, kuma ba su tambayar kowa sunansa na gaskiya.

Bitcoin, wanda ya fara aiki a Janairun 2009, ya cire wannan mai riƙo na tsakiya. Amma mutane da yawa sun yi masa gurguwar fahimta, har yau ma ana yi. Ba kuɗin sirri ba ne. Duk cinikin da aka yi da shi yana rubuce a kundi ɗaya buɗaɗɗe da kowa ke iya dubawa, kuma ba a gogewa. Sunanka ba ya ciki, lambar lalitarka ce ke ciki, amma ranar da wani ya haɗa lambar da fuskarka ya ga abin da ka mallaka da duk wanda ka taɓa biya. Wanda ke zaune a yankin da masu garkuwa da mutane ke da 'yan leƙen asiri a kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin haɗarin wannan. Daga nan aka samo injinan cakuɗa kuɗi: mutane da yawa su zuba nasu wuri guda, kowa ya ciri adadinsa ta wata ƙofa, sawu ya ɓace. Na farko-farkonsu mutum ne ke gudanar da su yana yankar lada, saboda haka makomarsu ba ta bambanta da ta Liberty Reserve ba. Larry Harmon mai Helix ya amsa laifi a 2021. Roman Sterlingov, wanda aka samu da laifin gudanar da Bitcoin Fog, an ɗaure shi shekara 12 da rabi a 2024.

A Mayun 2019 hukumar Amurka mai sa ido kan laifukan kuɗi, FinCEN, ta fitar da wani bayani da ya ja layi. Ta ce wanda ke karɓar kuɗin mutane yana ɓatar da sawunsu mai safarar kuɗi ne, dole ya yi rajista ya san abokan cinikinsa. Wanda kuwa manhajar kawai ya samar, mutane ke aiki da ita da kansu, ba mai safarar kuɗi ba ne. A wannan shekarar ce wasu matasa uku 'yan asalin ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Roman Storm da Roman Semenov da Alexey Pertsev, suka kafa Tornado Cash a kan kundin Ethereum. Tsarinsa ya sha bamban. Mutum zai zuba ƙayyadadden adadi, 0.1 ko 1 ko 10 ko 100 na kuɗin Ether, a cikin rumbu ɗaya da na sauran jama'a, ya riƙe wata shaida ta sirri. Ranar da ya ga dama zai zo da sabuwar lalita, ya gabatar da hujjar lissafi da ke tabbatar da cewa yana da ajiya a rumbun ba tare da ta nuna wacce ce tasa ba. Ba ɗan Adam da ke riƙe da rumbun. A Mayun 2020 su ukun suka lalata mabuɗan da za su iya gyara shi ko tsayar da shi. Daga ranar, ko da sun so rufewa ba su da iko.

Masu gaskiya sun yi aiki da shi. Vitalik Buterin, wanda ya ƙirƙiri Ethereum, ya faɗa da bakinsa cewa ta nan ya aika gudunmawa zuwa Yukren. Ɓarayi ma sun yi. A Maris 2022 masu kutse na ƙungiyar Lazarus, wadda Amurka ta ce ta gwamnatin Koriya ta Arewa ce, suka kwashe kimanin dala miliyan 620 daga tsarin Ronin na wasan Axie Infinity, suka riƙa tura su Tornado Cash kashi-kashi. Ranar 8 ga Agusta 2022 Baitulmalin Amurka ta ƙaƙaba wa Tornado Cash takunkumi, ta ce fiye da dala biliyan 7 aka wanke ta cikinsa tun 2019, ciki har da sama da miliyan 455 na Lazarus. Wannan biliyan 7 kusan duk abin da ya taɓa ratsa rumbun ne, na kowa da kowa, amma haka aka sanar. Bayan kwana biyu 'yan sandan Holan suka kama Pertsev a Amsterdam.

Ranar 14 ga Mayu 2024 kotun Gabashin Brabant ta same shi da laifin wanke dala biliyan 1.2, ta ɗaure shi wata 64. Lauyoyinsa sun ce bai taɓa kuɗin kowa ba, kuma ba shi da ikon hana kowa shiga. Alƙalan suka ce rashin ikon nan shi da abokansa ne suka gina shi da gangan, sun kuma san kuɗin sata na kwarara, ba su sa wani shinge na kirki ba. Manhajar ce da kanta ke yin ɓoyon, saboda haka aikin ɓoyon nasu ne. Ya ɗaukaka ƙara, a Fabrairun 2025 aka sake shi ya koma gida da na'urar sa ido a ƙafa.

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaurukan Gwandu ko Birnin Kebbi ko Argungu ya kai ga Mukhtasar na Shehu Halilu, wannan gardama ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da raba mai aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta kawai, kuma misalin da ake koyarwa da shi rijiya ce. Wanda ya haƙa rijiya a gonarsa don bukatarsa, wani ya faɗa, ba ramuwa a kansa. Wanda ya haƙa inda bai halatta ya haƙa ba, kamar tsakiyar hanyar jama'a, shi ke da alhakin abin da ya faɗa. Idan kuma wani ne ya tura mutum ciki, mai turawar ake fara kamawa, ba mai haƙar ba, sai fa idan an haƙa ta ne don wani ayyanannen mutum, a nan su biyun sun yi daidai. A babin ciniki ma haka: sayar da inabi halal ne, sayar da makami halal ne, amma malamai sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa, ko makami ga wanda ka san ɗan fashi ne. Ma'aunin bai wuce uku ba: ina ka haƙa, me ka nufa, me ka sani game da wanda ke gabanka.

Idan aka ɗora hukuncin Holan a kan wannan ma'auni, a ganina ya zarce. Sanin da fiƙihu ke nema sani ne na mutum ayyananne a lokacin da hana shi ke hannunka. Kotun ta maye gurbinsa da sani na jimla, wato ka san a cikin dubban masu zuwa akwai ɓarayi, sannan ta ɗora wa mai haƙa dukan nauyin masu turawa, waɗanda ke zaune lafiya a inda hannun Holan ba ya kaiwa. Da wannan ma'auni ba mai sayar da layin waya da zai kwana a gida. Amma kuma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Rumbun ne kaɗai ya fita hannun su Pertsev. Shafin da mafi yawan jama'a ke shiga ta cikinsa yana hannunsu, tsarin 'yan tsakiyar da ke biya wa mai cire kuɗi ladan kundi su suka tsara shi, kuma suna riƙe da kuɗin TORN wanda darajarsa ke da alaƙa da yawan cinikin. Bayan satar Ronin sun sa wata matatar lambobin da aka haramta a bakin shafin, masu gabatar da ƙara suka ce su da kansu sun san kewaye ta abu ne mai sauƙi. A nan tuhuma take da ƙafar tsayawa: abin da suka ci gaba da riƙewa da ci daga gare shi bayan sun sani, ba rubutun da suka yi a 2019 ba.

A Amurka lamarin ya yi ta kai-komo. An kama Storm a jihar Washington a Agustan 2023, Semenov bai shiga hannu ba. Lauyoyin Storm suka ɗauko tsohuwar hujjar Bernstein, alƙaliya Katherine Failla ta Niyok ta ƙi korar ƙarar, tana ganin aikin da manhaja ke yi ba magana ba ce tsantsa. Can kuma wasu masu amfani da Tornado Cash sun kai Baitulmali ƙara, a Nuwamban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyar ta ce rubutun da ba mai iya canza shi ba dukiyar kowa ba ne, dokar takunkumi kuwa dukiya take kamawa. A Maris 2025 aka ɗage takunkumin. A Afrilu mataimakin babban lauyan gwamnati, Todd Blanche, ya umurci masu gabatar da ƙara su daina bin injinan cakuɗa kuɗi da lalitoci saboda laifin masu amfani da su. Duk da haka shari'ar Storm ta ci gaba. Ranar 6 ga Agusta 2025 masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifi guda, haɗa baki wajen gudanar da safarar kuɗi ba lasisi, wanda iyakar hukuncinsa shekara 5 ce. A kan wanke kuɗi da karya takunkumi suka kasa cimma matsaya. Abin da ya tayar wa masu rubuta manhaja hankali shi ne laifin da ya kama shi ɗin shi ne wanda suka ɗauka bayanin FinCEN na 2019 ya kare su daga gare shi.

Su Keonne Rodriguez da William Hill, masu lalitar Samourai, ba su jira a gwada ba. An kama su a Afrilun 2024, Hill a Fotugal, suka amsa wannan laifin a Yulin 2025, a Nuwamba aka ɗaure na farko shekara 5, na biyu 4. Su ma ba su riƙe mabuɗan kowa ba, amma su ke gudanar da kwamfutar da ke haɗa masu cakuɗawa, sun karɓi ladan miliyoyin daloli, kuma an gabatar da rubuce-rubucensu inda suke tallata hajar ga masu haramtacciyar kasuwa. Bakinsu ya taimaka wajen yanka su.

Mu a nan gida tarihin ya bi wata hanya. Ranar 5 ga Fabrairu 2021 Babban Bankin Najeriya ya umurci bankuna su rufe asusun masu hulɗa da kirifto, 'yan watanni bayan masu zanga-zangar EndSARS sun koma karɓar gudunmawa da bitcoin. Cinikin bai mutu ba, ya koma hannu da hannu tsakanin mutum da mutum, yadda 'yan canjin Kamba da Dole-Kaina suka saba juya naira da sefa tun kafin a san waya. Gwamnati ta fito da nata, eNaira, a Oktoban 2021, jama'a suka kalle shi suka wuce. A Disambar 2023 aka janye haramcin. Naira kuwa tana ta rugujewa, a Fabrairun 2024 gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya ce dala biliyan 26 sun ratsa kamfanin kirifto na Binance a Najeriya cikin shekara guda daga hannun da ba a iya tantancewa. A ƙarshen watan aka tsare jami'an kamfanin biyu da suka zo Abuja tattaunawa, Tigran Gambaryan da Nadeem Anjarwalla. Anjarwalla ya sulale ya bar ƙasar a Maris. Gambaryan aka kai shi gidan yarin Kuje, EFCC ta gurfanar da shi tare da kamfanin gaban Mai Shari'a Emeka Nwite kan zargin wanke dala miliyan 35.4. Ya yi wata 8 a tsare, rashin lafiya ta kwantar da shi, a Oktoban 2024 aka janye tuhumar da ke kansa.

Binance ba irin Tornado Cash ba ne. Kamfani ne mai riƙe kuɗin mutane, kuma a Nuwamban 2023 ya amsa laifi a Amurka ya amince da tarar dala biliyan 4.3. Tuhumarsa tana da tushe, ƙarar da hukumar haraji ta shigar a Fabrairun 2025 tana neman dala biliyan 79.5 na asarar tattalin arziki da biliyan 2 na haraji magana ce ta kotu. Amma mutumin da ya kwanta a Kuje tsohon mai bincike ne na hukumar harajin Amurka, wanda ya yi suna wajen bin sawun bitcoin na masu laifi. Bai haƙa ba, bai tura ba. Shi ne dai hannu ya kai gare shi. Wannan ɗabi'a mun san ta. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe kasuwannin dabbobi na mako, don 'yan bindiga na amfana da su. Bayan watanni aka janye, 'yan bindigar na nan, talaka ne ya biya kuɗin gwajin. Kuɗin fansa a dazuzzukanmu kuwa a buhu ake kai su, da babura da katin waya.

Babban wankin kuɗin da ƙasar nan ta gani ma bai bukaci manhaja ba. Dala miliyan 308 na kuɗin Abacha da ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ɗan Birnin Kebbi, ya sa hannu a karɓo a Fabrairun 2020 tare da Amurka da tsibirin Jersey, a asusun wani kamfanin takarda mai suna Doraville aka same su. Masu kwat da alƙalami ne suka gina wannan maɓoya, kuma ba kasafai ake ganin irinsu a akwatin masu laifi ba.

Yau kirifto ya shiga doka. Dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC, a Oktoban 2025 kuma aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan wanke kuɗi, wanda ta shiga a Fabrairun 2023. Ba gwamnatin da za ta so komawa ciki. Matasan da suka fara da latsa Pi da Hamster Kombat a waya, wasunsu yanzu suna koyon rubuta manhaja a kwalejin Waziri Umaru da jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha ta Aliero. Dokoki biyu ne ke jiran duk wanda ya rubuta irin ta su Storm daga nan, kuma ba su ce abu ɗaya ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana kama mai samar da manhajar da tun asali don aikata laifi aka ƙera ta. Wannan ta yi kusa da ma'aunin niyya. Dokar hana wanke kuɗi ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu, tana kama wanda ya ɓoye asalin kuɗi yana sane, ko kuma ya kamata a ce ya sani, cewa na haram ne. Wannan ƙofar ta fi faɗi, kuma ta cikin irinta kotun Holan ta bi. Mai gabatar da ƙara ne zai zaɓi wadda zai shiga da ita Babbar Kotun Tarayya, hukuncin ta biyun kuwa ɗaurin shekara 4 ne zuwa 14.